Tambayoyi da amsoshi ga mai son gina manhaja a kan rumbun bayanai mai takardu

Ina rubuta manhajoji a Birnin Kebbi, kuma kusan duk Asabar bayan la'asar wasu matasa kan taru a shagon da nake aiki mu buɗe kwamfuta tare. Wasu ɗaliban kwalejin fasaha ta Waziri Umaru ne, wasu na jami'ar tarayya, akwai kuma masu zuwa daga Aliero idan an yi hutu. Tambayoyin nan su ne aka fi maimaita mini. Misalin da zan yi ta komawa gare shi littafin cinikin wani dillalin albasa ne da na taɓa yi wa aiki, domin a kansa na koyi yawancin abin da zan faɗa.

Malam, mene ne ma rumbun bayanai mai takardu?

Ka ɗauki rasiɗi guda. A kansa akwai sunan mai saye, da rana, da jerin kayan da ya ɗauka, da abin da ya biya. Komai na wannan ciniki yana kan takarda ɗaya, ba sai ka buɗe wani littafi ba. Rumbu mai takardu haka yake ajiye bayani. Kowace takarda ana rubuta ta da fasalin JSON, wato salon rubuta bayani inda kowane gurbi ke da suna da abin da ke cikinsa, kamar haka:

```
{
  "mai_saye": { "suna": "Alhaji Wane", "waya": "08000000000", "gari": "Jega" },
  "kaya": [
    { "iri": "jar albasa", "buhu": 12, "farashi_kobo": 4500000 },
    { "iri": "farar albasa", "buhu": 3, "farashi_kobo": 5200000 }
  ],
  "an_biya_kobo": 40000000
}
```

Takardu masu kama da juna ana haɗa su wuri ɗaya, ni ina kiran wurin tari: tarin ciniki, tarin masu saye, tarin kaya. Kowace takarda tana da lambar shaida da babu mai irinta a cikin tarin. A MongoDB, ɗaya daga cikin irin waɗannan rumbuna, sunan gurbin `_id`, kuma idan ba ka ba shi lamba ba, shi zai ƙirƙira maka. A can ciki MongoDB yana juya takardar zuwa BSON, wanda ya san bambancin kwanan wata da rubutu da nau'o'in lamba.

To me ya raba shi da MySQL da aka koya mana a aji?

MySQL da PostgreSQL suna bin tsarin jadawali, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970. A can, rasiɗin nan guda sai an yayyanka shi: mai saye a jadawali ɗaya, ciniki a wani, kayan cinikin a na uku, sannan duk lokacin da kake son ganinsa a haɗo maka su. Amfanin haka shi ne ba a maimaita bayani, kuma kana iya yi wa rumbun tambayar da ba ka taɓa tunaninta ba ranar da ka gina shi.

Rumbu mai takardu ya zaɓi wata hanya. Abin da ake karantawa tare, a ajiye shi tare. Saboda haka shafin rasiɗi yana buɗewa da ɗauka ɗaya, kuma fasalin bayanin a rumbu ya yi daidai da fasalinsa a cikin JavaScript ko Python. Abin da ka koya a aji bai tafi a banza ba, kada ka jefar da shi. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa ake raba jadawali shi ya fi saurin gane inda haɗawa za ta cuce shi.

Me ya kamata in iya kafin in fara?

Yaren shirye-shirye guda, ko da kaɗan, har ka san jeri da abu mai gurabe da yadda ake kiran aiki. Sai ka iya karanta JSON, ka daina jin tsoron baƙin allon umarni. Shi ke nan.

Wanne zan zaɓa a cikin rumbuna masu takardu? Kuma kwamfutata tsohuwa ce.

Uku ne za ka fi cin karo da su. MongoDB ya fito a 2009 daga wani kamfani na Amurka da a lokacin ake kira 10gen, kuma shi ya fi yawan darussa da masu amfani. CouchDB ya girme shi, Damien Katz ne ya fara shi a 2005, yanzu yana hannun gidauniyar Apache, kuma gwanintarsa daidaita bayani tsakanin na'urori. Sai Firestore na Google, wanda masu rubuta manhajar waya da Flutter suka fi so.

Don koyo, ni MongoDB nake ɗora mutane a kai. Darussan MongoDB University kyauta ne. Akwai `mongosh` na rubuta umarni, akwai Compass na ganin takardunka da ido.

Maganar tsohuwar kwamfuta tana da muhimmanci, don yawancinmu na hannu muke saye. Daga fitowa ta 5.0, MongoDB yana buƙatar ƙwaƙwalwar kwamfuta mai abin da ake kira AVX. Wasu ƙananan Celeron da Pentium ba su da shi, sai ka girka ka ga ya ƙi tashi, ka yi ta zargin kanka alhali laifin ba naka ba ne. Idan haka ta same ka, buɗe asusu a Atlas, wato MongoDB da ke zaune a intanet. Matakinsa na kyauta yana ba da megabait 512, wanda ya ishi mai koyo ya yi watanni. Matsalarsa kawai sai da data. Idan kwamfutarka ta ɗauka, girka shi a kanta ya fi, ko babu sabis aikinka na tafiya muddin akwai caji.

Na girka. Daga ina zan kama?

Ayyuka huɗu ne ginshiƙin komai: sakawa, nemowa, gyarawa, gogewa. A MongoDB su ne `insertOne` da `find` da `updateOne` da `deleteOne`. Ka zauna ka shigar da rasiɗi 20 da hannunka. Sannan ka tambayi rumbun: nuna mini cinikin mutanen Jega, nuna mini wanda ya wuce buhu 10, jera su daga na baya-bayan nan. Ka yi mako guda a nan kafin ka taɓa Mongoose ko wani abin da ke tsayawa tsakaninka da rumbun. Na ga matasa da yawa da suka gina manhaja sukutum amma ba za su iya buɗe `mongosh` su duba abin da ke ciki ba, ranar da abu ya lalace sai su yi cirko-cirko.

Hattara da abu ɗaya: `deleteMany({})` da baka biyu babu komai a ciki yana share tarin gaba ɗaya, kuma ba ya tambayarka ko ka tabbata.

An ce shi ba ya buƙatar tsari, komai ka zuba ya karɓa. Gaskiya ne?

Zai karɓa, wannan gaskiya ne. Amma ka dubi abin da ke biyo baya. Yau ka rubuta `waya`, gobe abokin aikinka ya rubuta `lambar_waya`, jibi wani ya saka adadin buhu a matsayin rubutu maimakon lamba. Rumbun bai ce uffan ba. Sai ƙarshen wata Alhaji ya ce a haɗa masa lissafi, jimla ta fito da giɓi, ka rasa ta ina.

Tsarin yana nan, an dai ɗauke shi daga wuyan rumbun an ɗora a naka. Ka rubuta fasalin kowace takarda a takarda ta gaske kafin ka fara. Kuma tun daga fitowa ta 3.6 MongoDB yana ba ka damar sa wa tari ƙa'ida da `$jsonSchema`, ka ce dole a sami suna, dole buhu ya zama lamba, duk takardar da ta saɓa a ƙi ta. Ka yi amfani da ita. Sassaucin yana da rana a inda kayan suka bambanta da gaske: albasa tana da iri da girman buhu, taki yana da kamfani da nauyi, injin ban ruwa yana da lambar jiki. Duk suna iya zama a tari guda ba tare da gurabe marasa komai ba.

Yaushe zan cusa bayani a cikin takarda, yaushe zan ware shi in yi nuni gare shi?

Wannan ita ce tambayar da duk sana'ar ta rataya a kanta, don haka zan ɗan daɗe.

Lokacin da na karɓi aikin dillalin nan, na zauna a gida na tsara komai da kaina. Na ce ai kowane mai saye takarda ɗaya, duk cinikinsa a cusa a cikinta. A gwaji abin ya yi kyau ƙwarai. Da kakar albasa ta kama, motoci suka fara lodi zuwa kudu, akwai mai sayen da yake ɗaukar kaya kusan kullum. Takardarsa ta yi ta kumbura. Yaron shago yana son ganin lambar wayar mutumin kawai, amma sai wayarsa ta jawo tarihin cinikin watanni kafin ta nuna masa, ga sabis mai rauni. Ina tsaye a rumfar, warin albasa ya cika ko'ina, direba na ta danna oda, yaron yana kallon da'irar nan tana juyawa a allo. Daga ƙarshe ya ajiye wayar ya jawo tsohon littafin daga ƙarƙashin benci. Abin ya yi mini ciwo, domin amana aka ba ni.

A ranar na nemi izini na buɗe littafin na duba da kyau. Kowane ciniki layinsa daban, da rana, da suna, da adadi. A bayan littafin kuma akwai shafuka na masu bashi, kowa da jimlarsa. Wato Alhaji ya riga ya tsara bayanansa shekara da shekaru bisa tambayoyin da yake yi kullum: me aka sayar yau, wa nake bi, nawa. Ni ne ban tambaye shi ba.

Ga abin da nake bi tun daga lokacin. Kafin ka zana takarda ko ɗaya, rubuta tambayoyin da manhajar za ta riƙa amsawa, ka sa waɗanda ake yi sau ɗari a rana a sama. Sannan ga kowane bayani ka duba abu uku. Shin tare ake karanta su? Shin ƙaramin yana da rayuwa shi kaɗai, ko sai da babban? Shin yawansa yana da iyaka? Kayan da ke kan rasiɗi tare ake karanta su da rasiɗin, ba su da ma'ana ba tare da shi ba, kuma ba za su wuce 'yan layuka ba. A cusa su. Cinikin mai saye kuwa ba ya ƙarewa muddin yana raye yana kasuwa. A ba shi tarinsa, kowace takardar ciniki ta riƙe lambar shaidar mai sayen.

Akwai ma iyaka ta dole: takarda ɗaya a MongoDB ba ta wuce megabait 16, a Firestore kuwa kusan megabait 1 ne. Amma tun kafin ka kai can nauyin zai dame ka.

Maimaita bayani kuma ba laifi ba ne idan da dalili. Farashin da aka sayar da buhu a ranar ciniki dole ya zauna a cikin rasiɗin. Idan nuni kawai ka yi zuwa tarin kaya, ranar da farashi ya tashi duk tsofaffin rasiɗai za su canja, wanda ya ci bashi a watan da albasa ke araha a wayi gari ana bin sa kuɗin watan tsada. Haka sunan mai saye, ana iya kwafa shi cikin rasiɗi don saurin nunawa. Abin da ba a so a kwafa shi ne wanda ke yawan canjawa kuma dole ko'ina ya zama iri ɗaya. Idan buƙatar haɗa tari biyu ta taso, akwai `$lookup`. Amma in ka ga kowane shafi sai ka kira shi sau uku, tsarin naka yana gaya maka wani abu.

Akwai ƙananan kurakuran da ke cin mutane a nan wajenmu?

Akwai, kuma kusan kowa sai ya taka ɗaya.

Lambar waya rubutu ce. Idan ka ajiye ta a matsayin lamba, sifilin farko ya tafi. Ka kuma zaɓi fasali ɗaya, ko mai 234 ko mai sifili, kada ka gauraya.

Kuɗi kada ka ajiye su da ɗigo a lamba ta gama-gari. Buɗe JavaScript ka haɗa 0.1 da 0.2, zai ba ka 0.30000000000000004. Ajiye kobo a matsayin cikakkiyar lamba, ko ka yi amfani da Decimal128.

Kwanan wata ka ajiye shi da nau'insa na kwanan wata. MongoDB da agogon UTC yake ajiyewa, mu kuma muna gaba da shi da awa ɗaya, don haka cinikin da aka shigar da sha biyu da rabi na dare zai faɗa lissafin jiya idan ba ka kula ba.

Sai sunaye. Wani zai rubuta Ɗanjuma da lanƙwasa, wani Danjuma, wani ya raba shi biyu. Muhammad kaɗai yana da rubutu kusan biyar. Ka ajiye sunan yadda mai shi yake rubutawa, ka ƙara wani gurbi na bincike mai ƙananan haruffa marasa lanƙwasa. Kada kuma ka taɓa mai da suna shaidar mutum. A kasuwa ɗaya za ka sami Alhaji Sani huɗu.

Da farko manhajata tana gudu, yanzu ta yi nauyi. Me ya faru?

Galibi rashin fihirisa ne, wato jerin da rumbun ke ajiyewa a gefe mai nuna masa inda kowace takarda take. Idan babu ita, rumbun yana buɗe kowace takarda ɗaya bayan ɗaya har ya sami abin da ka nema. Da takardu 200 ba za ka ji ba, da 200,000 za ka ji. Liƙa `explain()` a bayan bincikenka. Idan ka ga COLLSCAN, tarin duka ake bi. Idan IXSCAN ne, fihirisa na aiki. Ana yin ta da `createIndex`, kuma tana iya haɗa gurabe biyu, misali mai saye sannan rana. Jerin yana da tasiri: wannan fihirisar za ta taimaki neman cinikin mutum ɗaya, amma ba za ta taimaki neman cinikin rana ɗaya na kowa da kowa ba. Kada ka sa wa kowane gurbi, domin kowace fihirisa tana cin wuri kuma tana rage saurin sakawa.

Idan yara biyu suka sayar da kaya a lokaci guda fa?

Kuskuren da aka saba shi ne a karanto adadin buhu, a rage a cikin manhaja, a mayar. Mutum biyu suka karanto 50, kowa ya rage 10, kowa ya rubuta 40, alhali 30 suka rage. Maganinsa ka bar rumbun ya yi ragin da kansa da `$inc`, tare da sharaɗin cewa abin da ke akwai ya kai abin da ake so a cire. Duk gyaran da ya tsaya a takarda ɗaya, ko dai ya faru duka ko bai faru ba. Gyaran da ya shafi takardu da yawa a dunƙule ya samu tun fitowa ta 4.0 a 2018, amma sai rumbun yana gudana a matsayin rukunin kwafi, wato tsarin da ake riƙe kwafin bayanan a kan saba fiye da ɗaya, kuma yana da nauyi. Ka ajiye shi don inda ya zama dole.

A ƙauyukan da za a yi aiki da manhajar babu sabis sosai. Ya zan yi?

Wannan tambaya ta fi mini duk sauran daɗi, domin tamu ce. Mai sayen shinkafa a fadamun Argungu ko Suru ba zai jira sabis kafin ya rubuta awo ba. Maƙwabtanmu na Zamfara kuma sun ga yadda aka rufe layukan waya gaba ɗaya a watan Satumba na 2021.

A nan CouchDB yake haskawa. Ana sa ƙaninsa PouchDB a cikin wayar, ya ajiye komai a nan, duk sanda sabis ya leƙo su daidaita da babban rumbu. Idan mutum biyu sun gyara takarda ɗaya, CouchDB yana zaɓar ɗaya ya nuna amma yana riƙe ɗayar, kai za ka rubuta yadda za a sasanta. Firestore ma yana aiki ba sabis, sai dai a wajensa rubutun da ya iso daga baya shi ke danne na farko.

Dabarar da ta fi kowace ita ce ka rage abin da za a yi karo a kansa. Kada wayoyi su riƙa gyara jimlar bashi. Kowane ciniki da kowane biya ya zama sabuwar takarda, jimla kuma a lissafo ta daga gare su. Haka littafin Alhaji yake, ba a goge layi, sai dai a ƙara wani a ƙasa.

Tsaro fa? Ai ƙaramar manhaja ce, wa zai kula da ita?

Masu kutse ba sa zaɓe, na'ura suke saki tana ƙwanƙwasa kowace ƙofa. A farkon 2017 an share dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe a intanet ba kalmar sirri, aka bar wa masu su saƙon neman kuɗin fansa. Idan kai ka girka shi a sabarka, tantance mai shiga ba ya kunne sai ka kunna, kuma ƙofarsa ta 27017 kada ta fuskanci duniya. Adireshin haɗi mai ɗauke da kalmar sirri kada ya shiga GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu, kada ya shiga cikin manhajar waya. A Firestore, yanayin gwaji yana buɗe komai ga kowa na kwana 30. Rubuta dokokin tsaro kafin mutum na farko ya fara amfani. Kalmar sirrin masu amfani a niƙa ta da bcrypt, wato a juya ta yadda ba za a iya karanta ta ba kafin a ajiye. Abin da aka turo daga fom a tabbatar rubutu ne kafin ya shiga bincike, don ana iya turo `$ne`, umarnin MongoDB mai nufin "ba daidai da wannan ba", a madadin kalmar sirri a wuce.

Ka tuna sunayen mutane da lambobinsu da basussukansu ne a hannunka. Asirin ɗan kasuwa ke nan. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora maka nauyin kiyaye su.

Kwafin ajiya kuma wajibi ne. Matakin kyauta na Atlas ba ya yi maka, sai ka yi da `mongodump`. Ka gwada dawo da shi da `mongorestore` a wata kwamfutar, don ka tabbatar abin da ka ajiye yana buɗuwa.

Akwai aikin da ba ka ba da shawarar a yi da shi?

Akwai. Idan bayanan sun sarƙe da juna ta ko'ina, kamar rajistar ɗalibai da kwasa-kwasai da malamai da sakamako, ko lissafin kuɗi na ƙungiyar adashi mai rassa, ni PostgreSQL nake ɗauka. Shi ma tun 2014 yana da gurbin JSONB, don haka kana iya ajiye takarda a cikin jadawali idan ka buƙata.

Malam, ni ɗaliba ce, wane aiki zan fara da shi don in ƙware?

Ki nemi littafi na gaske a gidanku ko unguwarku: na mai adashi, na mai ɗinki da awon kwastomominta, na mai sayar da ƙuli da man gyaɗa. Ki nemi izininta, ki zauna da ita ki ji abin da take dubawa kullum da abin da ke ɓace mata. Ki rubuta tambayoyi biyar, ki zana takardu a kansu, ki canja sunayen mutane kafin ki shigar da su kwamfuta. Shigar da shafi goma, gina allo biyu kacal, na sakawa da na nema. Sannan ki miƙa mata wayar ki koma gefe ki yi shiru, ki lura da inda yatsanta ya tsaya. Ki kawo mini abin da kika gani ranar Asabar mu gyara tare.